Wutsiyar da Na Yi wa Jirgin Khairunnisa

Al Nahda, Dubai,
Ranar Asabar.

Zuwa ga ƙanena kuma abokin sana'ata, Malam Ɗalhatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya gwiwar nan taka? Allah Ya ƙara sauƙi, kuma don Allah ka daina hawa tsani, shekarunmu sun wuce nan. Mu nan lafiya lau. Ɗanka Abdulhakeem yana nan yana fama da aikinsa a shagon kayan gyaran mota a Ras Al Khor, matarsa Sa'adiyya kuma in ta dawo daga asibitin da take aiki ba ta da wata hidima sai ɗura mini abinci. Na ƙi ba ka wannan labari ta waya ne don na san halinka, dariya za ka yi ta yi ka hana ni kaiwa ƙarshe. Tunda da furfurata na zauna ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro, bari in mori wahalata.

Ka san na zo ƙasar nan ne don ganin kammala karatun jikarmu Khairunnisa, mai koyon injiniyan jiragen sama. To, saura ƙiris kakanta ya rushe mata aikin shekara huɗu da hannunsa. Ranar da na sauka na tarar da wani abu a kan tebur a falo, faɗinsa ya kai murfin ƙofa, siffarsa kamar jemage ya buɗe fiffike. Ta ce samfurin jirgin soja ne marar matuƙi, shi ne aikinta na ƙarshe, ran Alhamis malamai uku za su gwada shi. In ya ci, an yi mata alkawarin gurbin ƙaro karatu. In ya faɗi, sai ta maimaita shekara, gurbin kuma a ba wani. Daga nan ta sumbaci hannuna, ta tattara littattafanta ta koma ɗakin kwanan ɗalibai na kwana uku don ta ƙarasa rubuce-rubucenta.

Ɗalhatu, shekara arba'in muna zanen manyan motoci ni da kai. Ka taɓa ganin mun bar mota ta fita daga rumfarmu tsirara? Jirgin nan ba taga, ba wutsiya, ba suna, ba ko fure ɗaya. Launinsa kuwa tokar nan ce marar ƙyalli, sak fentin farko da muke shafawa kafin na ainihi. Na shafa shi da tafin hannu, na ce a raina yarinyar nan lokaci ne ya ƙure mata, kunya ta hana ta faɗa. Ga kakanta mai sana'a zaune a bene na goma sha ɗaya ba aikin fari ba na baƙi, sai kallon motocin Sharjah ta taga. Washegari na ce wa Abdulhakeem zan bi shi in ga wurin aikinsa. Yana shiga lissafin kayansa na zagaya layin, na samo falle na gwangwani, da ƙananan madubai, da tef ɗin nan mai ƙyalli da ake liƙa wa bayan tirela, da fenti ja da rawaya da fari. Mai shagon ya tambaye ni wace irin mota ce, na ce masa ta sama ce.

Kwana biyu ina aiki da rana in kowa ya fita, in an kusa dawowa in lulluɓe shi da zanen gado. Na yanka gwangwani na kafa masa wutsiya miƙaƙƙiya, na ɗaure ta da ƙananan maƙalai don ban so in huda mata kaya. Na jera madubai shida a kowane fiffike. Na bi gefuna da tef mai ƙyalli. Na zana furannin nan namu masu ganye biyar, a goshinsa kuma na rubuta sunan marigayiya Hadijatu, kakarta, da farin fenti. Ka tuna da can muna kwafar haruffa a jikin mota ba mu san abin da suke cewa ba? Wannan karon na san kowane harafi da na ja. Wallahi da ka gan shi da ka ce hannuna bai tsufa ba.

Ran Alhamis da hantsi ta zo ɗaukar kayanta, saura awa biyu a fara. Na sa babbar riga, na kira iyayenta su shaida, na yaye zanen gado. Na tsaya ina jiran guɗa. Sa'adiyya ta dafe ƙirji tana salati. Abdulhakeem ya zauna a hannun kujera, ya cire hula ya riƙe. Ita kuwa Khairunnisa ta daɗe tana kallon wutsiyar, hawaye na zubo mata, bakinta kuma yana rawa kamar mai son dariya. Da ƙyar ta tambaye ni ko gwangwani ne. Na ce mata mai kauri ma kuwa, ba irin na madara ba.

A cikin mota, kan hanyarmu ta zuwa makarantarsu, ta yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Ta ce sojoji suna da na'ura mai suna rada, aikinta kamar mutum ya yi kira a bakin dutse ya saurari amsa-kuwwa. In kiran ya bugi jirgi ya dawo, an san yana nan. Shi irin wannan jirgi an ƙera shi ne don kada kiran ya dawo: an cire wutsiya don ita ce ta fi mayar da amsa, an karkata gefunansa don su watsar da kiran wani gefen, tokar nan kuma da na raina wata takwas ta yi tana haɗa ta don ta shanye sauran. Ba taga don ba mutum a ciki, ana aika shi leƙen asiri ko kai hari inda ba a so a rasa matuƙi. Wato duk abin da muka ƙware a kai, na sa a hango mota tun daga nesa, shi ne abin da ta shekara huɗu tana koyon kashewa. Ban taɓa jin riga ta yi mini nauyi irin na ranar ba. Na ce a tsaya in ɓamɓare, ta ce ba lokaci, kuma in aka yi da gaggawa tokar za ta kwaile. Da muka wuce gada biyu sai ta tambaye ni ko wuƙar aikina tana aljihu. Na ce ba ta taɓa barinsa ba.

Ɗakin gwajin bangonsa duk soso ne mai tsini kamar haƙoran kada. Babban malamin, wani dattijo Balarabe, yana ganin jirgin ya cire tabarau ya goge ya mayar. Khairunnisa ta tsaya ƙyam ta faɗa musu gaskiya, cewa kakanta mai zanen motoci ne ya yi mata ado bai sani ba, ta kuma roƙi a auna shi a haka tukuna. Aka kunna na'ura. Ɗalhatu, layin da ke kan allon na'urar ya yi tsalle har ya bugi sama. Ta fassara mini cewa malamin ya ce bai taɓa ganin abu ƙarami haka ya cika allo kamar motar kwantena ba, har na fara jin daɗi kafin in tuna ba yabo ba ne. Sai ta ce kafin a cire kowane abu za ta faɗi yawan yadda layin zai sauka, su duba ko ta san aikinta. Ta kira ni. Ni da na kafa wutsiya, ni na kwance ta a gaban malamai, layin ya rufto daidai inda ta ce. Na ɗaga madubai ɗaya bayan ɗaya, na saɓule tef a hankali yadda ko ƙwarzane bai taɓa tokarta ba. Kowane karo ta faɗa, a auna, a samu haka ne. Har dattijon ya fara tafa hannu yana ce mini yalla ya hajji, wato maza Alhaji.

Da ya rage furanni da suna, na ɗaga wuƙa ba da son raina ba, don ka san abin da sunan nan yake a wurina. Sai ta riƙe mini hannu, ta ce wa malamai wannan fentin ba ƙarfe a cikinsa, da wuya na'ura ta ji shi, a auna a gani. Aka auna. Layin ya kwanta can ƙasa, kamar ba komai a ɗakin sai ɗan tsuntsu. Dattijon ya ce khalas, ta ci, gurbin nata ne. Ni dai ban san sanda na yi sujada a kan kafet ɗinsu ba.

Da muna dawowa na ce mata zuciyata ba ta kwanta da jirgin da ke kashe mutum bai gan shi ba, ga shi mun sha jin kuskuren irinsu a ƙauyuka. Ta ce ita ma haka, shi ya sa karatun da za ta ƙaro na yadda ake gano su ne, kuma ba mai iya kama ɓoyayyen abu sai wanda ya san yadda ake ɓoye shi. Na sa mata albarka. Jirgin yana nan a makarantarsu cikin gilashi, na'ura ba ta ganinsa, amma duk wanda ya wuce sai ya karanta sunan Hadijatu.

Ka gaishe mini da uwargidanka Maimunat, da ƙanwarmu A'i, da Nana Firdausi da 'ya'yanta, da dukan mutanen rumfa. Abdulhakeem da Sa'adiyya suna gaishe ka, injiniya kuma ta ce a gaida ƙaramin kaka. Kada ka ba 'yan majalisa labarin nan sai na dawo, ni zan bayar da bakina. Ka kuma kafa mini ƙusa a bangon rumfa, ina tafe da wutsiyar.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Alhaji Sabo Mai-fenti.