Idon Jakin Nan Nawa Ne

Zuwa ga Yuleidis, sanyin safiyar bakin teku, ruwan ɗanyar kwakwa a maƙogwaron mai jan koma, mangwaron ƙololuwa da jifa ba ya kai masa, farar balbela a tsakiyar garken yara. Gaisuwa gwargwadon yashin garinmu, har da wanda ke shiga cikin shinkafa.

Ni ne Dagoberto. Na san sunan bai tuna miki da kowa ba. Ni ne mai tsayuwa a bayan allon majigi tun da aka buɗe bikin fina-finan nan, igiya a kowane hannu, don kada iskar Disamba ta kai shi Panama. Allon tsohon ƙyallen jirgin ruwan kawuna ne, shi ya sa da ya ji iska sai ya tuna sana'arsa ta fari.

Kin tuna ranar Litinin, kina rumfar yara kina zana musu damisa da malam-buɗe-littafi a fuska? Na zo wucewa da turaku, kika ce in ara miki hannuna ki gwada shuɗin fenti ko ya yi kauri. Layi ɗaya kika ja, kika ce ya yi, kika juya. Ya hasken idona, layin yana nan. Da hannu ɗaya nake wanka, ɗayan a sama kamar mai rantsuwa a kotu. Mahaifiyata ta ce ko in wanke shi ko in daina miƙa shi kwanonta.

Yanzu ga abin da ya sa na ari biro. Akwai ɓula a allon, girman bakin kwalba, aikin ɓera. Da rana ta faɗi aka kunna wa yara fim, ta nan nake leƙen ki a benci na uku, ɗan wani yana barci a cinyarki, hasken majigi yana wasa a kumatunki kamar wata a kan kwantaccen ruwa. Wa zai ga haka ya kalli fim? Abin da ban sani ba, a fim ɗin jakin nan mai son zama matuƙin jirgi, akwai inda yake tsayawa ya daɗe yana kallon teku, kansa ya cika allo, idonsa kuma daidai kan ɓular yake faɗawa.

Yuleidis, idon jakin nan nawa ne.

Ranar Talata yara suka ce jaki ya bar kallon teku yana kallon malama mai fenti. Ranar Laraba ya yi kuka. E, ya yi, domin a lokacin ne Fabián mai kunna na'ura, mai gashi kamar saniya ta lashe shi, ya sunkuya ya goge miki fenti a haɓa da babban yatsansa. Tsohuwa Petrona ta zube a ƙasa ta kunna wa jakin kyandir goma sha biyu, saura kaɗan in gasu tare da allon. Fada, limamin coci, ya zo ya kalla sau biyu ya ce bakinsa da nauyi tukuna. Jiya wata mata ta matso ta tambayi jakin ko mijinta zai dawo daga Venezuela, yashi ya shiga idona na ƙifta, yau an gan ta tana share ɗaki tana waƙa. Wannan alhakin ma ina ɗauke da shi.

Amma ke fa? Tun Laraba babu yaron da ke son damisa, kowa idon jaki yake so a goshi. Kin zana shi, ya mai hannun alheri. Kin sa ɗan jan ɗigon da ke gefen farin, kin sa tabon ƙugiyar da ta yage mini fatar ido ina shekara tara. Yau na ƙirga yara arba'in da ɗaya suna lasar ƙanƙara mai zaƙi da idona a goshinsu. Wadda ba ta kallo sosai, ina za ta ga tabon ƙugiya daga benci na uku? Idona kin san shi fiye da uwar da ta haife ni. Sauran jikin ne ba a gabatar miki ba.

Na ji abin da Doña Nicolasa shugabar biki ta gaya miki, don ba wanda ke rage murya saboda mutumin bayan allo. Ta ce fim ta kawo wa yara ba waliyyi ba, ta ba ki allura da ƙyalle ki toshe ɓular gobe Asabar kafin fim na ƙarshe. Lahadi kuma babbar mota za ta maida ke Cartagena. Wayyo zuciyata! Taga ɗaya gare ni a duniya, kuma ke aka ba allurar.

Ba zan ce kada ki toshe ba. Abu ɗaya na sani, ban koye shi a aji ba, kawuna ya koya mini: ƙyallen jirgi daga baya ake yi masa maho, in aka yi ta gaba iska ce za ta ɓalle shi. Dole ki zagayo. Taku bakwai ne, ki kula da turke na biyu, yana kama siket. Za ki same ni a nan. Ba zan iya miƙa miki fure ba, ba zan iya gudu ba, duk hannuwan suna riƙe da igiya.

Ki dubi idon da mai shi a jikinsa. In a fuskar jaki ya fi miki kyau, yi ɗinkinki, ni zan ja miki ƙyallen ya miƙe don kada allura ta soke ki. In kuwa ba laifi a tawa fuskar, to ga ɗaya hannun, har yau ba a gwada fenti a kansa ba.

Naki, muddin teku na da gishiri, mai riƙo ba ya saki ko iska ta tashi,

Dagoberto