Abin da Likita Ta Gani a Zuciyar Baba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwar 'ya ga uwa, ina fata kina cikin ni'ima a makwancinki.

Maganar Baba ce ta kawo ni. Tun da rikici ya tare hanyar Bamenda goro ya daina sauka kamar da, sai ya sallami masu yi masa dako. Yanzu da kansa yake ɗaukar huhun goro a kasuwar Marché Congo. Mutum da jikoki! Kin san halinsa, in an yi magana ya ce jikinsa ba na aro ba ne.

Kwanaki ya dafe ƙirji a bakin masallaci, ni da Yaya Habu muka lallaɓa shi asibiti. Aka ɗauki hoton zuciyarsa a na'ura, likita ta nuna mana wasu fararen ɗige-ɗige a jijiyoyin. Ta ce maiƙo ne ya daskare yana matse hanyar jini, kamar yadda shara ke toshe kwatar unguwar New Bell da damina. Mai irin wannan hoton, in ji ta, zuciyarsa na iya tsayawa ba sallama, sai ya bar kaya masu nauyi ya riƙe magani kullum.

Da Faransanci ta yi bayani, kuma Faransancin Baba na ciniki ne. Ya dubi Yaya Habu, shi kuwa ya ce masa gajiya ce kawai. Ina tsaye, na ji abin da likita ta faɗa, Inna. Kin san gidanmu, ba a gaya wa babba ciwonsa don kada ya karaya, ƙanwa kuma ba ta gyara wa yayanta magana a gaban baƙi.

Ga inda tausayin ya kai mu. Baba na ta gaya wa abokansa cewa injin Turawa ya wanke shi. Maganin sai ranar da ya gaji yake sha. Da yamma ya aika a sayo masa soya, tsiren nan mai kitse, wai ya mayar da ƙarfi. Raina na ɓaci, tsoro kuma na cina.

Ke kaɗai kika iya gaya masa magana mai nauyi. Ina tuna ranar rasuwar Kawu, kika bari Baba ya gama alwala, kika zauna gefen tabarmarsa kika faɗa ba kwana-kwana. Kina cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yaya Habu ya ce in Baba ya ji ya faɗi, alhakin na wuyana. Na ɗauka. Gobe in ya dawo daga kasuwa zan zauna in gaya masa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya ba ni harshe irin naki. Na san kina kewarsa, Inna, amma ki yi haƙuri, ban shirya ba ki shi ba tukuna.

'Yarki,
Balaraba