Katunan da Na Auna Ka da Su

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawar da ban ba ka ba kana raye, ina rubuto maka a gaban jama'a, don a gaban jama'a na tozarta ka.

Ka tuna hutun da na dawo Bungudu daga makarantar koyon aikin lafiya a Tsafe, a ƙarshen shekarun 1990? Watanka biyar rabonka da taba. Ciwon fukar 'yarka ne ya sa matarka Rabi ta ɗauke ta zuwa gidansu a Karakkai, ta rantse ba ta dawowa sai ka daina. Ka daina, ta dawo. Kana jan motar haya zuwa Gusau da asuwaki a baki tun safe, fasinjoji na yi maka tsiya, ko a jikinka.

Ni kuwa sabon ilimi na ci na. Wani malaminmu ya nuna mana gwajin katuna: hotunan taba, da na fuskoki masu dariya, da na masu kuka. Mutum zai ware su da sauri, sau ɗaya taba a gefen masu dariya, sau ɗaya a gefen masu kuka. Inda hannu ya fi sauri, nan zuciya ta karkata, ko da baki ya musanta.

Na shimfiɗa su a tabarma a tsakar gida, gaban Inna da Rabi da sauran mutanen gida. Ba da kai na damu ba, so nake a ga na iya. Zagayen dariya hannunka ya tashi kamar mai rabon goro. Zagayen kuka ka yi ta tuntuɓe, kana gumi. Na ɗaga agogona sama, na ce bakinka ne kawai ya tuba, zuciyarka na wajen mai tiredar da ke sayar maka da taba. Na yi dariya, Yaya, har da tafa hannu.

Rabi ta fara shinshina rigunanka kullum. Kai kuma abin da ka ce min ke nan: "To tunda kin auna, mi ya saura?" Kafin sati na ga karan taba a bayan kunnenka. Kafin damina Rabi ta koma Karakkai da 'yarka, ba ta sake dawowa ba.

Da na koma makaranta na ba malamin labari ina taƙama. Ya ce katunan sawun abin da aka saba suke nunawa, ba abin da mutum zai aikata ba. Wanda ya shekara goma da dainawa ma yana iya tuntuɓe. Na ji da kunnena. Ban taɓa gaya maka ba, don kada a ce 'yar boko ta yi kuskure.

Shekara tara na zuba ido tari yana cin ka. Ranar da aka kai ka makwanci, Inna ta dube ni ta ce: "Ga mai awo nan ta zo."

Ka riga ni sanin abin da ke zuciyarka. Da shi kake tashi, da shi kake wuce tireda sau huɗu a rana ba ka tsaya ba, har wata biyar. Wannan ne agogona bai auna ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya rubuta maka watannin nan biyar da cikakken lada. Ni kuma ban san da wace fuska zan roƙi yafiyarka ba.

Ƙanwarka da ta yi shiru,
Hajara