Igiyar Yaya Ta Motsa Sau Biyu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, yaya ƙafar taki, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Yaya, Ya kai haske kabarinsa.

Kin aiko a tambaye ni abin da ya hana ni leƙo gida har wata biyu. Ba aiki ba ne, Inna. Tun ranar da aka fito da Yaya daga rijiyar nan ban ƙara taɓa diga ba. Kunyar haɗa ido da ke nake yi, don akwai abin da na ɓoye miki.

Kin san yadda muke haƙa: ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama riƙe da igiya. In rami ya yi zurfi murya ba ta fitowa sosai, sai igiya ta yi magana. Ja ɗaya, ɗauke bokitin ƙasa. Ja biyu, lafiya nake. Ja uku, fito da ni. Kafin a shiga kuma akan zura fitila; in ta mutu, iskar ciki ta ɓaci, ba mai sauka. Ranar mun zura ta da safe, ta ci da kyau. Bayan azahar na ɗauko ta in sake zurawa, Yaya ya yi mini dariya, wai na fi farar kura tsoro. Na biye masa na ajiye ta.

Jim kaɗan da saukarsa na ji ja biyu. Na gyara zama ina kallon tantabaru a kan katanga. Da shirun ya yi yawa na kira shi, na sake kira, ba amsa. Tsoho, ubangidanmu da ya koya mana sana'ar, shi ya sauka ya ɗauro shi, bayan an yi ta kaɗa iska cikin ramin da buhu.

Abin da ke cina ke nan: biyu ya ja, ko uku ne hankalina ya tafi ban ji na ukun ba? Har yau igiyar tana motsi a tafin hannuna. Da rana tsaka, ina riƙe da cokali ko butar alwala, sai in ji an fizga sau biyu. Sai in tsaya cak ina jiran na uku.

Ki yafe mini, ki kuma sa ni a addu'a. A gaida Gwaggo da yaran Yaya.

Ɗanki,
Auta

*

Zuwa ga Inna,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗa da mahaifiya. Ina fatan maganin da na aiko ya karɓe ki.

Takardarki ta iso. Kin ce ajali ba ya jiran fitila, kuma ko ja goma na ji, numfashin da aka ƙidaya wa Yaya ba zai ƙaru ba. Na sani, Inna. Kaina ya sani, cikina ne ya ƙi ji.

Bari in faɗa miki wanda ya fi muni. Sallata ta lalace. Da na kai goshi ƙasa sai ƙamshin ɗanyar ƙasa ya buge ni, in ga bango ya zagaye ni, sama ta koma ɗan faifai can nesa. Sai in ɗago da sauri kamar kaza mai tsattsagar tsaba. Ni da na yi shekara sha huɗu ina cin abinci a cikin rami, yau ramin da kowa zai shiga ya hana ni sakewa. Ko motar ɗaukar gawa na hango sai in sake hanya. Tsoron mutuwa nake ji, Inna, tsoro tsagwaronsa, ba ma na hisabi ba. Duhun nake tsoro, da kiran da ba za a amsa ba.

Jiya na bi ta gidan da rijiyar take, ba da niyya ba, ƙafa ce ta kai ni. An rufe bakinta da kwano, an danne da duwatsu. Tsohuwar gidan ta fito da jarka za ta ɗebo ruwa can bakin titi, tana tafiya tana hutawa. Ba ta yi mini ƙorafi ba, sai ma ta'aziyya ta sake yi mini. Amma ɗanta ya ce ran Asabar zai kawo motar ƙasa a cike ramin, tunda duk mahaƙan unguwa sun ƙi shi, wai ya ci mutum.

Zurfin gaba tara Yaya ya haƙa da hannunsa. In aka cike ta, aikinsa na ƙarshe ya zama juji, ni kuma na san ba zan ƙara sauka ko'ina ba. Na je wa Tsoho da maganar ko in sauka in ƙarasa ta. Ya ce shi zai riƙe mini igiya, amma ba zai tura ni ba. Ya ce mai sauka bai taɓa riƙe kansa ba, ko yana tsoro ko ba ya yi, a hannun na sama yake.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Yau Laraba.

Ɗanki mai neman albarkarki,
Auta

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida duk mutanen gida. Ni ma lafiya, alhamdu lillahi.

Na sauka, Inna. Jiya Alhamis da hantsi.

Sau uku muka zura fitila, Tsoho yana tsokanata wai kananzir ɗin gari zan ƙarar. Na yi alwala na ɗaura igiya a ƙugu. Da farko na kasa samun ramukan da muke saka ƙafa a jikin bango. Da na same su sai na ga tazararsu ta Yaya ce, shi da yake dogo, dole in miƙe ƙafa kamar yadda nake yi ina yaro in ina bin sawunsa. Da na kai zurfin gaba shida haske ya ragu, sanyi ya taso, ƙamshin nan ya rufe ni. Na so in ja uku. Sai na ji igiyar ta ɗaure tamau a ƙuguna, nauyina duka ba a ƙafata yake ba. Ban ga Tsoho ba, amma yana nan. Na ce a raina, ya Rabbi, ashe haka Kake riƙe da ni tun ina cikin Inna, wurin da ya fi nan duhu da ƙunci, ban kuwa rasa komai ba. Na ci gaba da sauka.

A ƙasa na tarar da digarsa jingine da bango, hularsa a kanta. Ba alamar kokawa, ba yaƙushi a jikin bangon. Sai na hango wani abu a ramin ƙafa na ƙarshe.

Kin tuna halin Yaya? In ya fara cin ma jiƙaƙƙen yashi, yakan cura shi a hannu ya ajiye, in ya fito ya miƙa wa masu gida a matsayin albishir. Shi ne a wurin, Inna. Curin yashi, ya bushe ƙamas, da shatin yatsunsa biyar. Ashe abin da yake yi ke nan. Ya ga alamar ruwa, ya cura albishir, ya ja biyu, ɓatacciyar iska ta sa barci ya ɗauke shi. Babu na uku. Mutumin da ke neman a fito da shi ba ya tsayawa ya ɗora hula a kan diga.

Na yi kuka har na gode Allah. Sannan na kai goshina kan ƙasar nan da nake gudu, na daɗe ban ɗago ba. Sanyi gare ta, ba ta kuwa cinye ni ba. Ba zan ce miki tsoron ya tafi gaba ɗaya ba, amma ya koma daidai girmansa. Watarana za a zura ni ramin da ba ni na haƙa ba, kuma na san Wanda ke riƙe da igiyar ba Ya kallon tantabaru.

Ban yi sara ashirin ba ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsun ƙafata. Tsohuwa ta ce duk wanda ya sha, ladan na Yaya ne. Ina nan tafe ranar Lahadi, da curin a naɗe cikin hularsa, ke ya kamata a miƙa wa.

Tsoho ya ce da ya ji na daɗe shiru a ƙasa, zuciyarsa ta tsinke, ya girgiza igiya yana tambaya. Na kama ta da hannu biyu, Inna. Na ja sau biyu.

Ɗanki,
Auta