Lallen Ƙafar Sale

Daren Talata, watan Safar

Yau an tsamo gawa a kogi, ƙarƙashin gada. Tun ran Juma'a da taubashina Sale ya kai awaki kasuwa ba a sake ganinsa ba. Gwaggo, uwarsa, ta ce, "Habu, je ka duba min, ni ƙafata ba za ta kai ni ba."

Har an kawo likkafani, ɗan sanda ya hana. Ya ce doka ce, sai an ɗauki hoto, an rubuta kamanni, an nemi dangi tukuna. Ruwa ya ɓata fuskar, shi ne ya tambaye ni ko Sale na da wata alama.

Akwai mana. Ni na ƙunsa masa lalle kwanan baya a babban yatsan ƙafa yana barci, aka yi ta kiransa amarya. Na faɗa, ba wanda ya yi dariya.

Aka buɗe ƙafar. Farcen fari ne fat.

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sai kunya ta kama ni. Shi ma mamacin ɗan wata uwa ne, tana can tana jira.

Gwaggo ta ƙi rufe ƙofa har yanzu. Sale, ka dawo da jan farcenka. Wallahi zan kwanta ka rama, ƙafa biyun duka.