Gammon Inabi

Mahjar, Jidda

Zuwa ga Yaya Sajida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙafar taki? Ya Malam da yara da mutanen Haɗeja? Mu nan alhamdu lillahi, sai gumi.

Yaya, zo ki sha dariya. 'Yar taki Mansura ta shigo mini gida rungume da wani tarkace kamar mai ɗauke da jariri. Busassun rassan inabi ne aka murɗe suka zama zobe, tamkar gammo, amma na mai ƙaton kai. Wai ado ne, a ƙofa ake ratayewa. Abin da a gida ko don hura wuta ba za a aiki yaro ya tsinto ba!

Wata Dalal ce ta ba ta, mai shagon kayan ƙawa a unguwar Ruwais. Wai gwaji ne: ta tsabtace shi ta shirya shi, in ya yi kyau ta ɗauke ta aiki, ta tsaya mata a matsayin kafili, mai ɗaukar nauyin zamanta a ƙasar. Kin san tun rasuwar mahaifinta Na'ibi iƙamar yarinyar nan, wato takardar izinin zamanta, take lilo, bayan sallah kuma za ta ƙare. Wato zaman ɗan Adam a ƙasa ya rataya a jikin ƙirare.

Da za ki ga aikin! Ta shimfiɗa jarida, ta ɗauki ɗan buroshi mai laushi irin na kwalliya tana bin sa lungu-lungu, tana hurawa da baki. Tsumma ma sai ta matse shi tas kafin ta ɗan shafa. Akwai wasu siraran tsiro da suka nannaɗe a jikinsa kamar gashin da bai ga mataji ba, ta ce kada kowa ya taɓa, wai su ne kyan abin. Allah wadaran naka ya lalace! Na ce wannan ai lallashi ne, ba wanki ba. Ta ba ni amsa da Larabcinta, wai ruwa ne maƙiyinsa. Ni da na wanke gidajen Larabawa tun ba a haife ta ba, ni za a koya wa tsabta?

Gobe za ta kasuwa sayo kirtani da 'yan fitilun da za ta naɗa masa. Zan nuna mata abin da ake kira wanki.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Latifatu

Mahjar, Jidda

Yaya Sajida,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi, Malam da yara suna lafiya.

Gammon nan dai na gyara shi. Tana fita na tsoma shi a baho, na zuba omo, na bar shi ya jiƙu har la'asar. Ruwan da ya fita, baƙi ƙirin! Na dirje shi da soson ƙarfe, na sa almakashi na aske tsiron nan duka, ya fito sumul. Na jingine shi a banɗaki ya tsane.

Ashe abin banza, banza ne. Ya kumbura, ɓawon ya saɓule, murɗin ya warware ta gefe guda. Itacen da ba zai jure ruwa ba, shi ma itace ne?

Mansura ta dawo da fitilunta a leda, ta tsaya a ƙofar banɗaki. Ba ta yi kuka ba, halas kawai ta ce, wato shi ke nan. Ta ɗaure shi da waya, ta kunna masa fanka, amma da damshin garin nan kafin ya bushe ya yi fumfuna. A haka ta kai shi. Ita gimbiya Dalal ko taɓawa ba ta yi ba, da bakin makulli ta ture shi, ta ce mai jin magana take nema. Ta ɗauki wata. Mansura ba ta ce mata ni ce na wanke shi ba. Da ta faɗa, da na je Ruwais ɗin na ga matar da ke yatsina wa mutane fuska a kan makamashi.

Yanzu ta rataye gawar a ƙofarmu, har da fitilun. Maƙwabciyarmu Zinariya kullum sai ta tambaya ko maganin maita ne. Na kai hannu in cire ya fi a ƙirga, hannun ya ƙi.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Sallah ta matso, ba kafili, kuma raina a dagule yake, ba na iya cin abinci. In aka sa ta a jirgi, gidanki za ta sauka. Ba ta taɓa ganin Haɗeja ba, Hausarta a karye take, ki hana yara yi mata dariya. Yaji yana ɓata mata ciki. In kuma kika gan ta ta duƙa tana wani aiki a hankali, ko da na banza ne a idonki, don Allah ki ƙyale ta. Kada ki taya ta.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Latifatu