'Yan Rugga a Layin Kunu

Litinin, 3 ga Yuli, 2023
Yau ma kunun bai kai ba. Ƙungiyar agajin da nake yi wa girki ta kawo gero da waken soya daidai yaran makon jiya, sai ga mutanen ƙauyukan bayan Tafoki sun kwararo cikin firamaren nan ta Faskari, kowa da ƙullin kayansa. Na ƙara ruwa a tukunya, Allah Ya yafe mini.

Da azahar wani direban motar hatsi ya sauke yara biyu a bakin ƙofa, ya ce a hanyar Sabuwa ya tsince su, an ƙone ruggarsu. Yarinya ƙarama, goye da ƙaninta. Kitson kanta kaɗai ya faɗi ko 'yar ina ce. Mata suka janye tabarminsu. Ni ma na bar ta a ƙarshen layi, na kankaro mata ƙasan tukunya.

Masu kama da iyayenta ne suka harbe Mas'udu a gonarmu bara. Mijina. Ba wanda zai sa in manta.

Laraba, 5 ga Yuli
Sunanta Indo, yaron kuma Gide. Iyakar abin da aka samu daga bakinta ke nan, Hausarta ba ta da yawa.

Malama Amatullah, nas ɗin ƙungiya, ta auna damtsen yaron. Tamowa ce, mai tsanani. Ta ba ni ledojin maganin tamowa da ake yi da gyaɗa, wai ni zan riƙa ba shi tunda kusa da murhuna suke raɓewa. Na ce aikina girki ne. Ta ce, "Laure, don Allah. Ba wadda za ta taɓa shi." To ni ce zan taɓa?

Alhamis, 6 ga Yuli
Na taɓa. Ba shi da nauyin kaza.

Asabar, 8 ga Yuli
Ashe yarinyar ba ta shan nata kunun. Ɗura wa yaron take yi, yana dawo da shi. Na daka mata tsawa, ta rufe kai da hannu biyu kamar mai jiran duka. Sai da na zauna gabanta ta shanye. Ba don komai ba, ba na son ɓarnar abinci ne.

Bilya ya zo da la'asar, ƙanin Mas'udu, da bindigarsa ta sa-kai a kafaɗa. Ya ce, "Yaya Laure, mi ɗiyan ga ke yi nan? Irinsu ake turowa su ga mashiga da mafita, su kai labari daji." Na ce yarinyar ko hanyar rijiya ba ta sani ba. Ya ce, "Ke da bakinki? Wa ya ɗauko gawar Yaya daga gona, ba ni ba?"

Na juya masa baya. Na koma kan tukunyata.

Litinin, 10 ga Yuli
Gide ya daina haɗiya. Malama ta ce sai an kwantar da shi a asibiti a Kankara, amma motar ƙungiya ta ƙi tasowa, an tare hanya tun jiya. Da hantsi mun ji harbi ta wajen Daudawa. Yara duk suka shige ƙarƙashin bencina, ba wanda ya ce musu su yi. Sun riga sun iya.

A bakin famfo ana cewa tunda 'yan ruggar nan suka zo harbi ya matso.

Talata, 11 ga Yuli
Ban san yadda zan rubuta na yau ba.

Bayan azahar aka kawo gawar wani manomi daga Daudawa. Kafin a binne shi samari sun cika ƙofar makaranta, wasu da gora, suna cewa a fito da infoma. Malama ta tsaya tana ba su haƙuri, muryarta ba ta ko fita. Na leƙa bayan murhu, na ga Indo ta cusa ƙaninta cikin babbar tukunyar da na wanke, ta zauna ta rufe bakin da jikinta.

Ban yi tunani ba, wallahi. Na ciro shi na goya, na saki hijabi a kansa, na kama hannunta muka nufi ƙofa. Wani ya ce, "Ga ta nan!" Wani ya jefo ɓawon rake. Bilya ne a gaba. Na ce masa, "Gidan yayanka zan kai su. In za ka taɓa su, ka biyo ni can, ka tsallake tabarmar da yake salla a kai." Ya dube ni, idonsa ja wur. Na ɗauka marina zai yi. Sai ya juya ya ce wa samarin, "Ku ba ta hanya." Ko kallona bai ƙara yi ba.

Muka shiga gida. Na zauna a zaure na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Mas'udu. Yarinyar ta tsaya tana kallona, ba ta saki gefen zanina ba.

Alhamis, 13 ga Yuli
Mota ta zo da rakiyar sojoji. An tafi da Gide. Ba wurin Indo, sai marasa lafiya. Ta bi motar da gudu har kwana, na kamo ta tana cizona.

Lahadi, 16 ga Yuli
Surukata ta aiko a karɓi turmin da ta ara mini tun ina amarya. Maƙwabta sun daina amsa sallamata sosai. Bilya bai zo ba.

Indo na zama a ƙofar zaure tana duban hanya. In babur ya wuce sai ta miƙe.

Juma'a, 28 ga Yuli
Malama ta dawo daga Kankara. Gide na zaune da kansa, har yana fizge cokali. Ta nuna mana hotonsa a waya, Indo ta rungume wayar ta ƙi saki. Iyayensu dai har yanzu shiru.

Ta ce ƙungiya ta samo musu gidan marayu a Katsina, mota za ta ɗauki Indo ranar Litinin, shi kuma a kai shi can in an sallame shi. Na ce hakan ya yi, dama ni ba dangina ba ne. Sai dai yarinyar tana tari, tafiyar za ta wahalar da ita, a bari tukuna. Shi ma in an sallame shi a fara kawo shi nan, ya ga yayarsa. Malama ta dube ni, ta ce to.

Tarin ya tafi tun shekaranjiya. Ban faɗa mata ba.